Mariƙin libarba: roba ko katako, wa ya gwada?

Baban Khalifa, Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramar libarba mai jikin alminiyam, irin mai cin harsashi 5 na .38 Special, nauyinta ko rabin kilo bai kai ba. Ɗaukarta ba wuya, amma a filin koyon harbi, kafin in gama kwali ɗaya tafin hannuna ya yi jawur, gaɓar yatsan tsakiya kuma ta kumbura, don ƙarfen da ya zagaye kunama yana bugunta duk harbi. Mariƙin da ta zo da shi gajere ne, yatsu biyu yake ɗauka, autan yatsa sai lilo yake a iska. Waɗanda suka taɓa canza mariƙi, me kuka sa, kuma yaya kuka ji?

Dogo, Atlanta:
Wa alaikumussalam. Baban Khalifa, rashin nauyin da kake yabawa shi ne ke cin hannunka. Harsashin nan da kake sawa, sa shi a babbar libarba ta ƙarfe kamar Smith & Wesson 686, wadda ta haura kilo ɗaya, sai ka ji kamar ba a yi komai ba, nauyin ya shanye naushin. A ƙarama kuwa hannunka ne zai biya. Duba bayan mariƙinka: in kana ganin ƙarfe tsirara daga sama har ƙasa, to shi ne yake sauka tsakanin babban yatsa da manuniya. Ni na sa na roba na kamfanin Hogue wanda ya rufe bayan gaba ɗaya, kuma yana da tsawon da zai ɗauki yatsu uku. Tun daga nan na daina tashi da ciwon hannu washegari. Ai Ruger ma da suka fito da ƙaramar libarbarsu LCR a 2009, da irin wannan robar ta Hogue suka haɗa ta tun daga kamfani.

Maman Ilham, Columbus:
Yaya Dogo, ai sunanka ya riga ya faɗi girman hannunka. Shawararka ba ta kowa ba ce. Robar da ta rufe baya tana ƙara nisa tsakanin tafin hannu da kunama, kuma jan kunamar libarba ba tare da an ɗana ta ba yana neman ƙarfin wajen kilo 5. Da na gwada ta maigidana mai irin wannan mariƙin, yatsana bai kai ba sai da na karkato hannu zuwa gefe. Da zarar an karkata, naushin ya daina tafiya cikin dantse, sai ya sauka a gindin babban yatsa, wuyan hannu ya murɗe. Robar na da laushi, amma ciwon ya fi na da.

Ga yadda malamin da ya koya mini ya nuna mini gwaji. A buɗe gangar da harsasai ke zama a ciki, a tabbatar babu harsashi ko ɗaya, a juya baki inda ba kowa. A riƙe ta yadda bututun zai miƙe daidai da dantse. A haka, ba tare da an motsa tafi ba, layin gaɓar farko ta manuniya ya kamata ya kai kan kunama. In bai kai ba, mariƙin ya yi wa mutum girma, komai sunan kamfaninsa. Ni wanda ya bar bayan a buɗe na zaɓa, amma ya cike ramin da ke bayan zoben kunama. Wannan ramin ne ke jawo kumburin gaɓar da Baban Khalifa ke kuka da shi.

Baba Na Dallas:
Yarinyar nan ta faɗi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Ni dai katako nake so, sumul, ba sassaƙa ba gurbin yatsu. Wanda ya taɓa noma ya san ƙotar da ta yi santsi da hannu ba ta tayar da bororo, mai kaushi ce ke yi. Gurbin yatsun nan da ake zubawa a jikin roba, an auna su ne da hannun wani. In naka bai faɗa ciki ba, a kan tudu yatsunka za su zauna. Jerry Miculek, wanda ya harba harsashi 8 cikin daƙiƙa ɗaya da libarba a 1999, mariƙin da ake sayarwa da sunansa katako ne sumul. Sannan roba tana kama riga tana tattare ta. Maganin gaɓa kuma tsoho ne: wani ɗan ƙarfe da ake kira Tyler T-Grip, a maƙala shi a gaban mariƙin, ya cike ramin, shi ke nan.

Dogo, Atlanta:
Baba, da girmanka, amma bindigar Miculek babba ce mai nauyi. Kuma mai tambayar a Houston yake, inda zufa ke zuba tun hantsi. Katako sumul a jiƙaƙƙen hannu sai ya riƙa zamewa, kowane harbi sai an gyara riƙo.

Abu Sadik, Kano:
Mu na gida karatu kawai muke sha. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattu ga farar hula a Najeriya, sai da izinin shugaban ƙasa.

Mai Gyara, Indianapolis:
Kafin ka biya kuɗin komai, Baban Khalifa, cire mariƙin ka duba siffar ƙarfen da ke ƙasa. Na Smith & Wesson iri biyu ne, mai zagayayyen gindi da mai kusurwa, kuma mariƙin wannan ba ya zama daidai a wancan. Girman jiki ma daban, da haruffa suke bambanta shi, J ne ƙarami, sai K da L, sai N. Ruger GP100 ita kuma ɗan turke kawai gare ta a ciki, shi ya sa take karɓar mariƙi siriri ko mai kauri ba gardama. In kana amfani da abin nan mai zura harsasai gaba ɗaya, ka tabbata an rage kaurin ɓangaren hagu daga sama, in ba haka ba zai tokare. Kuma in katako ka saya, ka ɗaure sukurun a hankali, da ya kama ka tsaya, don matsi da yawa yana tsaga shi daga ciki.