Neman kalma: me za mu kira "bleed" da Hausa?

Mai Zane: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman agaji kafin Alhamis. Ranar Asabar zan koya wa wasu matasa yadda ake shirya zane a kwamfuta kafin a kai maɗaba'a, kuma na yi alkawarin takardar darasin da Hausa za ta fito. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, wato bleed. Idan hoto ko launi zai kai har bakin takarda, ba a tsayar da shi a kan layin yanka, sai a zarce da shi da milimita 3 ta kowane gefe. Takardar A4 mai milimita 210 da 297, sai ka shirya 216 da 303. Dalili kuwa, takardu ɗaruruwa ake tarawa a datse lokaci guda, in wuƙa ta ɗan kauce sai farin layi siriri kamar zare ya fito a gefe. To wannan ƙarin, meye sunansa?

Ɗan Maɗaba'a: Wa alaikumus salam. Mu a wajen aiki bilid muke cewa. "Ba ka sa bilid ba, koma ka gyara." Ko yaron da ya zo jiya ya gane.

Uwar Gida Tela: Allah Ya ba mu alheri, ai abin da muke bari ne a jikin yadi kafin ɗinki. Mu alawus muke ce masa. Amma namu ciki yake shigewa, naku zubarwa ake yi.

Ɗan Birni: Zubar jini mana, ba fassarar ke nan ba? Ka rubuta "a tabbatar an zubar da jini milimita 3", ka ga ko ɗalibi ɗaya zai dawo.

Malam Na Nahawu: Bilid da alawus duk Turanci ne aka sa wa hula. Ni shawarata RABON WUƘA. Ku duba da kyau: yanki ne da ka ware tun farko, ka san ba naka ba ne, wuƙa za ta ci. Kalma biyu, Hausa tsantsa, kuma ta bayyana dalilin abin.

Mai Zane: Allah Ya gafarta Malam, ta yi daɗi a baki. Tsorona kada yara su rikita ta da ratar da ake bari daga ciki, inda ba a son rubutu ya matso kusa da layi. Ita ma ai saboda wuƙar ce.

Malam Na Nahawu: Waccan tsoron wuƙa ce, wannan rabon wuƙa. Ka ga ma na ba ka biyu.

'Yar Zazzau: Me ya hana "rarar yanka"? Rara kowa ya san ta, abin da ya yi saura a kan buƙata. Ko "malalar launi", tunda launin ne ke malala ya wuce iyaka.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar fond perdu ake cewa da Faransanci, wato bayan zane da ya salwanta. In kuka rubuta bilid, mutumin Maraɗi ko Damagaram ba zai san inda kuka dosa ba. Rarar yanka kuwa zai gane. Ku riƙa tunawa Hausa ba ta ƙare a Jibiya ba.

Malam Na Nahawu: Ka faɗa musu dai. Tun 1939 aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya, a ce yau sai mun ari bakin Bature kafin mu yanka takarda? Wannan ai ci baya ne. Haka aka yi mana da kwamfuta, ga na'ura mai ƙwaƙwalwa a ajiye.

Ɗan Maɗaba'a: Malam, jarida farin gefe ake bar mata, ba ta buƙatar wannan ƙarin, don haka wancan zamanin bai shigo nan ba. Kuma ku da kuke kishin Hausa, ga inda kishin zai yi amfani. Bara wani ya kawo mana katin ɗaurin aure a fayil ɗin manhajar zane ta CorelDRAW, bai mayar da rubutun ya zama zane ba. Kwamfutarmu ba ta da irin salon haruffansa. Duk inda ƙ da ɗ suke sai ɗan akwati ya fito, kati ɗari biyar, ga shi sunan unguwar da ƙ ya fara. Danna Ctrl da Q kawai, da ke mayar da rubutu ya zama zane, ya gagare shi, ko ya fitar da shi PDF. Har yau yana cewa laifinmu ne.

Ɗan Birni: Da wanda zai yi zane da launin allo na RGB, a buga da launukan tawada na CMYK shuɗinsa ya dushe, ya zo yana rantsuwa an ha'ince shi a tawada. Ko ya ɗebo hoto daga WhatsApp ya ce a yi masa fosta.

Malam Na Nahawu: "Fosta" ma ai...

'Yar Zazzau: Malam don Allah. Kai ma na ga ka rubuta "Bature" da waya ƙirar Sin. Mu koma kan tambayar bawan Allah.

Uwar Gida Tela: Ni na bi rarar yanka. Malala kamar tawada ce ta zube bisa kuskure, alhali wannan da gangan ake yi.

Mai Zane: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan sa: "Rarar yanka, wadda ma'aikatan maɗaba'a ke kira bilid, ita ce ƙarin milimita 3 da ake yi wa zane ta kowane gefe." Daga nan sai in ci gaba da rarar yanka. Dole bilid ta fito ko sau ɗaya, don ita za su ji ranar da suka kai aiki. Ta cikin kuma na sa mata "tazarar kariya". Malam, rabon wuƙa zan faɗe ta da baki a aji, don za ta zauna musu a kai.

Malam Na Nahawu: Da baki kawai. To shi ke nan. Amma rara abin da ya ragu ne bayan an gama, wannan kuwa tun farko ake ƙara shi. Ka dai rubuta ka ajiye, na faɗa.

Ɗan Maɗaba'a: Ku kira shi duk abin da kuka ga dama, in dai milimita ukun na nan. Af, Mai Zane, dpi 300 fa, me ka sa mata?

Mai Zane: Ɗigo 300 a kowane inci. Don Allah kada wanda ya taɓa mini ita sai bayan Asabar.