Ƙanena na shan tramol, Baba ya ce gidan mari ko ya bar mishi gida

Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a saka mini wannan, a ɓoye sunana.

Ina aure a unguwar Zariya nan Maradi, gidan iyayenmu kuma yana Bagalam. Maganar ƙanena ce, shekararsa 22. Da ya faɗi brebe sau biyu ya ce shi da lakwal sun raba gari, sai wani maƙwabci ya ba shi moto yana kabu-kabu, kowane dare ya kai jaka biyu, abin da ya rage nashi. Shekarar farko har goro da sabulu yake sayo wa Inna.

Tun bayan damina yaron ya sake. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, tuwo sai ya tsakura ya ture kwano. Dare ba ya barci, safiya ba ya tasuwa. Kullum cikin susar jiki da gumi, ko da sanyin hunturu. Magana kaɗan ya hau mutum da faɗa. Wayar Inna ta ɓace, bayanta tasoshi biyu cikin kayan auren autarmu, kuma mai moto ya zo har sau biyu yana cigiyar kuɗinsa.

Ranar Talata ya faɗi a fada ana tsakar shan shayi. Abokansa sun ce jikinsa ya sandare, ya yi ta fizga, kumfa na fita, har ya ciji harshe. Suka yi ta sheƙa mishi ruwa, wani ya cusa cokali a bakinsa. Da ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Inna ta ce iska ce, ta riga ta karɓo rubutu da turare. Ni kuwa da na ɗauki rigar sanyinsa zan wanke, sai ga katin ƙwaya a aljihun ciki, guda tara duk an ɓare, an rubuta 225 a jiki, da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi daban ƙulle a leda.

Baba ya ce ɗayan biyu: a kai shi gidan mari a ƙetaren iyaka a ɗaure shi wata shida, ko ya bar mishi gida. Kawunmu ya ce a yi mishi aure zai natsu. Maigidana ya ce in cire bakina. Ni na goya yaron nan a bayana, ba zan iya ba. Me zan yi? Ana warkewa kuwa?

Maman Ummi: Wayyo 'yar'uwa, Allah ya shirya. Ku sa shi a ɗaki ku ja kwaɗo kwana bakwai, kunu da nono ta taga, abin zai fita daga jininsa. Haka aka yi wa wani a layinmu.

Majo mai ritaya: Maman Ummi, da girmamawa, kada a yi haka. Ɗiyata mai tambaya, ki karanta wannan a natse.

Tramol maganin ciwo ne na gaske, sunansa tramadol, dangin kodin da mofin. Wanda muke rubutawa a likita ƙwaya ɗaya miligiram 50 ce, kuma ko babban mutum mai ciwo ba a wuce mishi 400 a yini. Wanda kika gani 225 ne, guda biyu kawai sun tsallake iyaka. Idan ya yi yawa a jiki yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Abin da kika kwatanta ya yi kama da haka ƙwarai, amma sai likita ya duba, don akwai wasu cututtukan da ke kayar da mutum.

Ki faɗa wa abokansa, in ya sake faɗuwa kada a sa komai a bakinsa, ba cokali ba ruwa, kada a danne shi. A janye murhun shayi da moto daga kusa, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, in fizgar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5 ko ta maimaita, a ɗauke shi sai likita. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ki same shi yana barcin da ba ya tasuwa, numfashi sama-sama, leɓe ya canza launi. Wannan ba a jira safiya. Akwai allurar da ake kira naloxone mai karya ƙarfin irin wannan magani, amma sai an kai shi kan lokaci.

Yadda muke gane cewa abu ya kama mutum ba daga yawan abin da ya sha kaɗai ba ne. Muna tambaya: yana jin matsananciyar sha'awarsa? Ya taɓa cewa zai rage ya kasa? Abin da ke isarsa da, yanzu sai ya ninka? In bai sha ba jikinsa na ciwo? Ya saki sana'a da mutane saboda shi? Yana ganin ɓarnar amma bai fasa ba? In uku daga cikin shidan nan suka haɗu cikin shekara guda, cuta ce ta kama shi, ta wuce a ce iskanci. Daga bayaninki na ƙirga huɗu.

Yanzu dalilin da ya sa na ce kada a kulle shi. Waɗannan ƙananan ƙwayoyi na cikin leda su suka fi damuna. Yawancin yaran da tramol ya hana barci suna haɗawa da diazepam da dare. Barin tramol farat ɗaya azaba ce: ciwon gaɓoɓi, gudawa, amai, hamma, majina, firgita, wasu har gane-gane, ya fi tsanani kwana na biyu zuwa na uku, ya ɗauki kamar mako. Amma barin diazepam ko giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana iya kisa. Shi ya sa a likita ake rage su sannu a hankali. Kada ki zubar da ledar, ki tafi da ita da katin a nuna wa likita. Ku fara da CSI, wato ƙaramar likita ta unguwarku, ku nemi takardar turawa zuwa ga mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babbar likita. In abin ya buƙaci kwanciya mai tsawo akwai Pavillon E a babban asibitin Yamai, amma ba kowa ke kaiwa can ba, da yawa daga gida suke zuwa karɓar magani.

Maman Ummi: To Majo, Allah ya ba da haƙuri, ni abin da na gani na faɗa. Ashe da sauran bayani.

Tsohon ɗan kabu-kabu: Yaya, ni na sha shi shekara huɗu, yau shekara biyu da wata biyar ban taɓa ba. Bari in faɗa miki abin da ƙanenki ba zai iya faɗa ba.

Ba don daɗi muke farawa ba. Ka wuni kan moto daga babbar kasuwa zuwa tasha, ka yi Tibiri ka dawo, rana na dukan ka, bayanka kamar zai tsinke, ga kuɗin mai moto ga na esans. Wani ya miƙo rabin ƙwaya ya ce jefa a kofi. Ranar sai ka ji kamar ka ɗauki moton a ka. Bayan wata shida ba ƙarfi kake nema ba, so kake kawai ka iya tashi daga tabarma kamar kowa. Na kai lokacin da in na farka ban da ƙwaya a aljihu, hawaye da majina ke zuba, ƙafafuna kamar ana tsaga su da gatari. Na sayar da tunkiyar tsohuwata na ce ɓata ta yi. Har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa fuskata.

An dake ni, an tara mini dangi an yi mini tofin Allah tsine, duk ranar da aka yi haka sai na ƙara adadi. Wanda ya ja ni likita wana ne. Ya same ni bayan isha'i ni kaɗai ya ce, «Ba faɗa na zo yi ba, nawa kake sha a yini?» Shi ne mutum na farko da ya tambaya. Ki same shi ke kaɗai, lokacin da yake cikin hankalinsa. Kada ki ce mishi ɗan ƙwaya. Ki faɗi abin da idonki ya gani, ki ce kin ji tsoro ranar Talata.

Kuma ki shirya, zai iya komawa. Ni sau biyu na koma. Fada ita ce tarkon, dole na sake wurin zama, na bar moto na koma ɗinki.

Majo mai ritaya: Ƙari kan maganar wannan yaro: wanda ya bari na wasu makonni, jikinsa ya daina jure adadin da. In ya koma ya sha kamar yadda ya saba, nan ne ake rasa rai. A faɗa mishi wannan ɓaro-ɓaro tun ranar farko. Kuma mutumin da ya faɗi ranar Talatar nan bai kamata ya goya ɗan mutane a moto ba.

Ɗan Sabon Gari: Duk wannan kwana-kwana ne. A gano mai sayar mishi a kai sunansa kwamisariya ko wajen OCRTIS masu yaƙi da fataucin ƙwaya. In babu mai sayarwa babu mai sha.

Tsohon ɗan kabu-kabu: Malam, ka kama guda, kafin la'asar ya samu wani. A kai ƙara, ban hana ba, amma ba shi ne maganin wanda jikinsa ya riga ya kamu ba. Kuma kada abin ya juye a kan yaron ya ƙare a gidan kaso.

Uwar biyu: Ni maganar kawunku ce ta tsaya mini a wuya. Ni ce irin yarinyar da aka aura wa mutum don ya natsu. Nashi giya ce, kowa a gidansu ya sani, ni kaɗai aka rufe. Shekara bakwai ina ɓoye kuɗin cefane cikin tukunyar daddawa. Wata rana ya rantse ya bari, kwana na uku hannunsa na rawa ko moɗa ba ya iya riƙewa, yana ihu wai macizai na bin bango, sai da maƙwabta suka ɗauke shi zuwa likita cikin dare. Don Allah kada ku ɗauki 'yar mutane ku mayar da ita magani. Ya warke tukuna, kuma in lokacin ya zo a faɗa wa iyayenta gaskiya.

Sannan ki ce wa Inna ta daina ba shi kuɗi a hannu, ta daina biyan bashinsa a ɓoye. Abinci a ba shi, kuɗin magani ke ki biya da kanki a farmasi.

Malam na Limanci: Ɗiyata, haramcin abin maye ba gardama a ciki, amma ki tuna wa mahaifinku cewa ita kanta giya daki-daki aka hana ta: aya ta 219 a Baƙara, sai ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofa. Kuma ya inganta cewa an sha kawo wani sahabi gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Bakin uba kaifi gare shi, ya yi hattara da shi. Inna ta ci gaba da addu'arta, ba mai hana ta, amma addu'a ba ta hana zuwa likita. In kina ganin Baba ba zai saurare ki ba, ki nemi limamin masallacinsu ko amininsa su same shi.

Baban Khalifa: Game da gidan mari, a tuna 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, wata na gaba aka buɗe wani a Daura. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Ki nemo hotunan ki nuna wa Baba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta duka, na Majo sau uku.

Jiya bayan magariba na kira shi gidana na ce ya zo ya duba mini fanka. Na zuba mishi fura, na ajiye katin a gabansa, na yi tambayar da tsohon ɗan kabu-kabu ya ce. Ya daɗe yana juya ludayi cikin kwano. Ya ce huɗu, wata rana biyar. Ƙananan kuma diazepam ne kamar yadda Majo ya zata, biyu kowane dare tun watan azumi. Ya ce sau uku yana gwada bari shi kaɗai, bai taɓa wuce kwana biyu ba. Da na ambaci likita ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ya tashi zai fita, ya kai ƙofa ya tsaya, ya ce in zan raka shi kuma ba za a faɗa wa 'yan fada ba, zai je.

Baba bai sauko ba tukuna, ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Liman ya ce zai same shi bayan sallar Juma'a. Moton mun mayar wa mai shi da safe, da bashin jaka takwas da na ce zan biya kaɗan-kaɗan. Maigidana ya yarda ya kwana a ɗakin zaure har Litinin.

Majo, tambaya ɗaya: daga yau zuwa Litinin ɗin, ƙwayoyin da suka rage a wurinsa in karɓe ko in bar mishi?

Majo mai ritaya: Ki karɓa ki riƙe a hannunki, kada ki zubar, kada kuma ki yanke mishi gaba ɗaya, musamman na daren. Kuma kada ku jira Litinin, CSI na aiki gobe. Ku tafi da sassafe da ledar da katin, likitan da ya gan shi ne zai faɗi adadin da za a ba shi da yadda za a rage.