Rawani Biyu a Kan Brigham Young

Ɗan Tawada:
Salama 'yan zaure. Yau Amurka za mu, rikicin Mormon, mabiya cocin da Joseph Smith ya kafa, da gwamnatin tarayya. Amsa-amo "wa" ne, kowa ya biyo.

An kashe Joseph Smith a kurkukun Carthage,
1844, mabiyansa na ta kokawa.
Brigham Young ya ja su yamma ta cikin duwatsu,
1847, gefen Tafkin Gishiri suka yi zaunawa.
Shugaba Fillmore ya naɗa shi gwamnan Yuta,
Ga shi shugaban coci, rawani biyu ba kwancewa.
Alƙalan da Washington ta aiko musu,
Sun iske ba mai jin tasu, sai komawa.
Ƙasa ɗaya, masu hukunci biyu,
Ni nan na ga tushen dukkan karawa.

'Yar Malam:
Yaya, ka bar gindi ka kama reshe,
Faro daga Missouri in kana son ganewa.
1838 Gwamna Boggs ya sa hannu,
A kore su ko a ƙare su, ba tausayawa.
Smith ya kai kuka gaban Shugaba Van Buren,
Ya ba su gaskiya, ya ƙi taimakawa.
Wanda maciji ya taɓa sara,
Ko tsumma ya gani sai zabura da tserewa.
Da Shugaba Buchanan ya turo soja a 1857,
Kusan 2,500, ba tare da sanarwa,
Lot Smith na Mormon ya ƙone wa sojan kekunan abinci,
Suka ci hunturu a Fort Bridger cikin yunwa.

Baba Mai Sanda:
'Yata, kin iya jera baiti, madalla,
Amma akwai shafin da kika yi tsallakewa.
Mountain Meadows, Satumbar 1857,
Ayari daga Arkansas, Kalifoniya suke nufa da wucewa.
Mayaƙan Mormon suka ɗaga musu farar tuta,
Suka karɓe bindigoginsu, sannan kashewa.
Mutum kusan 120, maza da mata,
Ƙananan yara 17 kawai aka bari da rayuwa.
John D. Lee, jagora a cikinsu, kaɗai aka harbe a kan haka,
Shi ma sai 1877, bayan daɗewa.
Zaluncin Missouri bai wanke wannan ba,
Ba ni da baitin da zai yi musu karewa.

Ɗan Tawada:
Baba, ranka ya daɗe, ba mai musa maka.
Thomas Kane, abokin Mormon, ya shiga tsakani da sasantawa,
Cumming ya karɓi gwamna daga Young, soja suka ratsa
Birnin Tafkin Gishiri a 1858, ba kowa, duk sun yi ƙaurawa.
Daga nan yaƙin ya koma na doka da kotu,
A kan auren mata da yawa ake ta fafatawa.
(Kada a gwama shi da namu, jama'a,
Su ba iyakar huɗu a cikin ƙirgawa.)
Dokar Morrill ta hana shi a 1862, shari'ar Reynolds 1879,
Kotun Ƙoli ta ce imani naka ne, ban da aikatawa.

'Yar Malam:
Yaya, 1887 fa, dokar Edmunds-Tucker?
Dukiyar coci aka bi da ƙwacewa.
Matan Yuta na jefa ƙuri'a tun 1870,
Masu cewa sun zo ceton su suka yi sokewa.
John Taylor, magajin Young, ya rasu a ɓoye,
1890 magajinsa Woodruff ya ce auren a yi dainawa.
Shi ya ce wahayi ne, 1896 Yuta ta zama jiha,
Baba, wahayi ne ko matsi? Kai ke da amsawa.