Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira: kowa ya faɗi inda ya tarar da layin ya tsaya

Ɗalibi a Azhar: Assalamu alaikum. Ina roƙon iyaye da yayyenmu da suka yi zaman Alƙahira, ko karatu ya kawo su, ko fatauci, ko jinya, kowa ya faɗa mana zamanin da ya zo da kuma inda ya tarar da mitro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tsaya a lokacin. Mu da muka zo daga baya layi uku muka tarar, muna hawa muna sauka kamar dama can haka garin yake. Ina so ƙannenmu masu shirin zuwa su ji yadda aka kai ga haka daga bakin waɗanda suka gani da ido.

Tsohon ɗalibi daga Kano: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni farkon shekarun 1980 na zo, babu mitro sam. Abin da ake da shi jiragen unguwanni ne guda biyu da ba sa haɗuwa. Na Hilwan yana tasowa daga kudu ya tsaya a Babul Luƙ, na Marj kuma yana gangarowa daga arewa maso gabas ya tsaya a Kubri Limun, gefen babbar tashar Ramsis. Tsakaninsu tsakiyar gari ne, inda cunkoso ya fi tsanani. Wanda zai tashi daga Ain Shams ya je Ma'adi dole ya sauka, ya nemi bas, ya sake hawa wani jirgin. A 1982 aka fara aikin haɗe su ta ƙarƙashin ƙasa, da kamfanonin Faransa. Mun sha kewaye a shekarun nan. Dandalin Tahrir da titin Ramsis duk an kafe su da shinge, an tone, ƙura ko'ina, hanyar da ka bi jiya ba ita za ka bi yau ba. Mutanen gari da yawa ba su yarda za a gama ba. Ranar 27 ga Satumba 1987 aka buɗe daga Hilwan zuwa Ramsis, a 1989 ya zarce Marj. Shi ne na farko a Afirka baki ɗaya. Hawana na farko abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsabtar tashar Sadat da yadda babu mai rataye a ƙofa, domin a bas ɗin zamaninmu rabin fasinja a waje suke liƙe.

Injiniya daga Damagaram: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora a kan maganarka, don akwai abin da masu hawa ba su cika lura da shi ba. Layi na ɗaya tsawonsa ya kai kilomita 44 da tashoshi 35, amma wanda ke ƙarƙashin ƙasa bai cika kilomita biyar ba. Tasha biyar kawai: Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasir, Urabi da Shuhada, wato ta Ramsis. Sauran duk a sarari yake gudu a kan tsohuwar hanyar dogo, shi ya sa yake shan wuta daga wayar sama. Wannan ɗan gutsuren kuwa tona shi aka yi daga sama: a kafa bangon kankare gefe da gefe, a kwashe ƙasar tsakiya, a rufe, a mayar da titi. Wahalar ita ce ruwa. Tsakiyar Alƙahira laka ce ta Kogin Nilu, ba ka yin nisa da haƙa ruwa zai taso maka, ga tsofaffin bututu da wayoyi da dole a kawar da su tukuna.

Ni layi na biyu na gani ana yi, ina karatu a Jami'ar Alƙahira a shekarun 1990. Nan aka canza dabara. Aka kawo injin haƙa mai zagayayyen baki, yana cin ƙasa daga gaba, yana jera zoben kankare a bayansa, mutane na harkarsu a sama. An buɗe Shubra zuwa Ramsis a 1996, ya kai Sadat a 1997. A 1999 ya ratsa ƙarƙashin Nilu, daga Sadat zuwa Opera a tsibirin Jazira, daga can zuwa Duƙƙi har ƙofar jami'armu. Kafin nan duk mai zuwa Jiza sai ya hau gada, kuma wanda ya san gadojin nan da hantsi ya san abin da nake nufi. Malamanmu sun riƙa kawo aikin a darasi, mu kuwa muna hawa muna lissafin kaurin ƙasar da ke tsakaninmu da gindin kogi. Daga baya aka tsawaita shi zuwa Munib a 2005.

Hajiya mai saro kaya: Ni ban san lissafin injiniyoyi ba, amma na san Ataba, unguwar kasuwanni a tsakiyar gari. Tun ina rako mahaifiyata asibiti na fara hawa, daga baya na koma zuwa saro abaya da mayafai. Abin da zan gaya wa 'yan'uwana mata shi ne taragun tsakiya guda biyu namu ne, akwai alama a bakin dandamali inda za ki tsaya. Mace na iya shiga kowane tarago, amma da yamma idan ma'aikata sun tashi, can ne za ki samu numfashi. A ciki ma ciniki ake yi, masu tallar safa da ɗankunne suna shiga suna fita. Mahaifiyata da ciwon gwiwa take, ba a taɓa barin ta a tsaye ba, nan da nan wata za ta miƙe ta ce mata zauna uwata. Wannan ba na mantawa da shi. Kaya masu nauyi dai kada ki ce za ki bi da su ta tashar Ataba, matakala da tsawon hanyar canza layi za su gajiyar da ke, gara ki nemi mota.

Mazaunin Bu'us a da: Injiniya, ka tsaya a na biyu, na ukun namu ne. Muna zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi da ke Abbasiyya, lokacin da ake haƙa shi. A 2009 titi ya rufta a Babush Sha'ariyya a kan hanyar injin, aiki ya tsaya a wurin, aka daɗe ana gyara. Na je na ga wurin an kewaye. Tun daga ranar na daina ganin aikin nan a matsayin abu mai sauƙi, domin unguwar tsohuwa ce, gidaje a manne da juna. Ranar 21 ga Fabrairu 2012 aka buɗe Ataba zuwa Abbasiyya, tasha biyar. Gajere ne, amma mu ya sauya mana rayuwa. Tafiyar da kan cinye sa'a guda a bas ta koma 'yan mintuna, ga sanyin na'ura a tarago. A 2014 ya kai Ahram a Misral Jadida.

Akwai kuma abin da siyasa ta taɓa. Tashar Ramsis sunanta Mubarak, bayan juyin 2011 ta koma Shuhada. Tashar Sadat kuwa an rufe ta daga Agustan 2013 har Yunin 2015. Jirgi ya zo ya wuce ta ba tsayawa. Duk mai canzawa tsakanin layi na ɗaya da na biyu sai ya tafi Shuhada, ita kaɗai. Turmutsutsun wurin a shekarun nan biyu sai wanda ya shiga.

Ɗan kasuwa daga Kumasi: A taƙaice: shekara da shekaru fam ɗaya na Masar ne tikiti, ko ina za ka, tun daga 2006 har 2017 da ya koma fam biyu. A 2018 aka fara biya gwargwadon yawan tashoshi, fam uku, biyar ko bakwai, kuma an yi ƙari bayan nan. Sabon zuwa ya faɗa wa mai sayar da tikiti tashar da za shi, ya kuma riƙe tikitinsa har fita.

Ɗaliba a Hayyul Ashir: Ina jin daɗin labaranku, iyaye, amma a tuna da mu. Ɗalibanmu da yawa a Madinatu Nasr muke, musamman Hayyul Ashir, saboda haya da kusancin tsangayoyin Azhar. Mitro bai shigo mana ba. Layi na uku gefenmu kawai ya shafa, ta tashar filin wasa da ta filin baje koli. Kullum sai na hau ƙaramar motar haya kafin in kai ga jirgi, kuma wannan guntuwar tafiyar ta kan fi ta jirgin tsawo. Masu zama Ain Shams sun fi mu morewa ta wannan fuskar, tasha na tsakiyar unguwarsu tun zamanin Baba na Kano. Duk ƙanwar da ta tambaye ni wurin zama yanzu, nakan ce ta fara auna nisan gidan da tasha kafin ta kalli kuɗin haya.

Injiniya daga Damagaram: Gaskiyarki, 'yata. Na koma Alƙahira kwanan baya, na bi layi na uku daga wannan kai zuwa wancan don in gani da idona. Ta gabas ya kai tashar Adli Mansur tun 2020, inda ake canzawa zuwa jirgin lantarki mai zuwa sabon babban birni. Ta yamma kuma a 2022 ya tashi daga Ataba ya bi Nasir da Masbiro, ya nutsa ƙarƙashin Nilu, ya bi ta Zamalik ya fito Kit Kat. Mutanen Zamalik sun yi ta nuna damuwa kan gine-ginensu, kuma a 2020 an kwashe mazauna wani bene da ƙasa ta zauna a gefensa. A 2024 aka ƙarasa rassa biyu, ɗaya zuwa Raudul Faraj, ɗaya zuwa Jami'ar Alƙahira inda ya haɗu da layi na biyu. Tun 2021 kamfanin RATP Dev na Faransa ke tafiyar da shi. Layi na huɗu kuma ana kan haƙa shi da rancen Japan, daga wajen birnin 6 ga Oktoba ya bi ta sabon gidan tarihi da dalar Jiza ya nufo Fusɗaɗ. A titin Haram na ga shinge da ƙura irin waɗanda Malam ya kwatanta.

Ɗalibi a Azhar: Allah ya saka da alheri. Saura waɗanda suka zauna Hilwan ko Shubra, da 'yan'uwanmu na Sudan da Chadi da ke Faisal da Arḍul Liwa, muna jiran naku.