Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, wa zan bar wa jaririn?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga halin da nake ciki. Ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a nan Kano, hutun haihuwa na sati 16 da aka ba ni saura kwana goma sha biyu ya ƙare. Sati huɗu na cinye tun kafin in haihu saboda kumburin ƙafa, don haka wata uku kacal yaron zai yi ranar da zan koma. Yayarsa shekararta uku, sha biyu da rabi ake tashinsu daga makaranta.

Muna zaune a Rijiyar Zaki, gidan haya mai ɗaki biyu, babu wurin da 'yar aiki za ta kwana, kuma maigida ba ya son mai kwana. Mahaifiyata tana Gusau. Surukata tana Hotoro, ta ce a kawo mata shi da hannu bibbiyu, amma tana fama da ciwon gwiwa, kuma na san ranar farko za ta ɗura masa ruwa, ni kuwa nono zalla nake ba shi, ina son ya cika wata shida a haka. Akwai gidan raino a kan hanyar ofis, sun ce dubu 30 a wata. Yaron kuma ya ƙi kama fida. Wallahi jiya da asuba ina ba shi nono ina kallon tsakar kansa tana motsi, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Wadda ta gwada ɗaya daga cikin nan, yaya ta ƙare da shi?

Ummu Sultan: Ki kai wa mamanki kawai. Babu mai riƙe miki ɗa kamar wadda ta haife ki.

Anti Zee: Ummu Sultan, Gusau fa ta ce. Kullum da safe za ta bi ta Funtuwa ta ajiye shi ta dawo ofis?

Ummu Sultan: Au, ban lura ba. To Allah ya kawo mafita.

Maman Twins: Ki samu yarinya daga ƙauye ta riƙa kwana a falo ko ɗakin yara. Tawa dubu 12 nake ba ta, shara, wanke-wanke, goyo, duk ita ce. Dillaliya ta karɓi kuɗin wata ɗaya na kawowa, shi ke nan.

Hajiya Turai: Dubu 12 a wace shekarar? Ni dattijuwa nake da ita mai zuwa da safe ta tafi la'asar, dubu 25 ban da kuɗin adaidaita da abincin rana, kuma duk Sallah sai na yi mata atamfa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu wadda za ta tako miki daga unguwarsu a ƙasa da haka.

Maman Abdallah: Ni dai da na ga an ambaci yarinya daga ƙauye sai da gabana ya faɗi. Maman Iman, ki ji abin da ya same ni, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Abdallah yana da wata biyar na koma koyarwa. Aka kawo mini yarinya mai kunya, ba ta haɗa ido da mutum, sallarta a kan lokaci. Sati biyun farko in na dawo sai in tarar da shi a goye yana ta rigima, ita kuma ko shara ba ta gama ba. Na yi mata faɗa, ba sau ɗaya ba. Daga nan sai abu ya canja. In dawo in ga tsakar gida fes, kwanuka a kife, yaro yana barci. Har ina yabonta a wajen ƙawaye. Sai dai in na ɗauke shi jikinsa yakan saki kamar tsumma, ya kama nono ya tsotsa sau biyu ya sake, ido a lumshe. Nonona ya cika ya yi tauri har da zazzaɓi. Na ce wa maigida yaron nan ba lafiya ba, ya ce zafin gari ne.

Wata Laraba aka tashe mu da wuri, na shigo gida sha ɗaya. Na tarar da ita a durƙushe bakin katifa, yaron a cinyarta, murfin kwalba a hannunta. Maganin mura ne na yayansa, irin mai sa barci, wanda na ajiye a saman firij. Da na ɗaga kwalbar na ga saura kaɗan a gindi, ni kuwa na san ko rabi ba mu sha ba. Ban san yadda na isa titi ba, babu takalmi a ƙafata. A asibiti muka kwana biyu. Likita ya ce irin maganin nan ba a ba jariri shi ko kaɗan, domin yana iya danne numfashi. Da aka tambaye ta sai ta ce wata 'yar aikin maƙwabta ce ta koya mata, wai don ta samu ta gama aiki kada in yi faɗa.

Abdallah yanzu shekararsa huɗu, lafiyarsa ƙalau Alhamdulillah, amma ni har yau ba na iya barin magani inda hannu zai kai, ko baƙuwa ce ta zo. A wannan zangon na ajiye aikin. Mutane suka yi ta cewa na yi wauta. Su ba su ga idon yaron nan a ranar ba.

Hajiya Turai: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tsare gaba.

Maman Twins: Kai, jikina ya yi sanyi. Bari in je in kwashe magungunan da ke kan madubi.

Ummu Sultan: Shi ya sa ni ba na yarda da su. Wata maƙwabciyata tata ruwan zafi ta bari a bokiti, yarinya mai rarrafe ta jawo shi. Basu da imani yaran nan.

Malama Hadiza: Maman Abdallah, Allah ya ba ki ladan haƙuri, abin da kika gani ba ƙarami ba ne. Amma don Allah shekarar yarinyar nawa?

Maman Abdallah: Dillaliyar ta ce goma sha huɗu. Ni dai a ido ba ta wuce goma sha ɗaya ba.

Malama Hadiza: To nan nake son mu tsaya. Ummu Sultan, ba rashin imani ba ne, yarinya ce aka ba ta jariri da shara da wanke-wanke, ita ma da a gidansu take goyonta kawai ya rage a yi. Wace ce a cikinmu za ta bar wa 'yarta ta aji biyar jariri daga bakwai na safe zuwa biyu? Kuɗin ma ba ita ke gani ba, dillaliya ta yanki nata, sauran a kai wa uwarta a tara na kayan ɗaki. Kuma mutane ba su sani ba, dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Maman Iman, in mai raino za ki ɗauka, ki nemi babbar mace wadda ta haifa ta yaye, ki san gidanta da ƙafarki, kuma raino kaɗai za ta yi. Ranar da kika haɗa mata da wanki, kin raba mata hankali biyu.

Maman Twins: Malama, da sauƙin faɗa. Ke a gidanku akwai ƙannen miji uku masu taya ki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tawa tana cin abin da 'ya'yana ke ci, na sa ta Islamiyya da yamma, ta fi 'yan tallan da ke yawo a titi gata.

Malama Hadiza: Ban ce kina cutar da ita ba, 'yar'uwa. Shekarun nake magana.

Baban Khalil: Ku yi haƙuri in sa baki. A ganina mace ta zauna ta raini ɗanta ya fi, in an lissafa kuɗin mota da na raino me ya rage a albashin?

Anti Zee: Malam, ka taɓa kwana ɗaya da jariri kai kaɗai? In ka iya faɗa mana lambar famfas ɗin Khalil ba tare da ka tambayi mamansa ba, za mu saurare ka.

Baban Khalil: Lamba uku ne. Ko huɗu.

Anti Zee: Jama'a a ba shi wuri ya wuce.

Sista Rabi: Ni ma'aikaciyar jinya ce, yara uku na raina ina aikin kwana. Ba wanda ya taɓa maganar nonon, kuma ita ce ta fi gaggawa. Maman Iman, ki bar fida tunda ya ƙi, ki koya masa ƙaramin kofi ko cokali daga yau, kuma wani ne zai riƙa ba shi ba ke ba, domin in ya ji ƙamshinki ba zai karɓa ba. Ki fara tatsa da asuba lokacin da nono ya fi cika. Wanda aka tatsa a mazubi mai murfi yana yin awa huɗu a ɗaki, a zafin Kano na watan Afrilu kuwa kada ma a kai haka. A firij yana yin kwana huɗu, amma fa firij mai wuta tsayayya, ba wanda NEPA ke kunnawa ta kashe ba. Ba a dafa shi, a cikin ruwan ɗumi ake tsoma mazubin. Sannan ki je wajen jami'in mulki na ofishinku, a ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya mai shayarwa tana da awa biyu kullum har wata shida daga ranar da ta dawo. Da yawa ba sa nema don ba su sani ba. Ni gidan raino na kusa da wurin aiki na yi, ina fita in shayar in dawo. Kafin ki biya ki je ba sanarwa da tsakar rana, ki ƙirga jarirai ki ƙirga masu raino, ki leƙa inda suke wanke kofuna.

Hajiya Turai: Gidan raino kuwa? Jikata wata biyu ta yi a ɗaya, daga mura sai gudawa sai ƙurajen zafi. Dubu 45 suke karɓa, kuma kai za ka kawo famfas da ruwan roba.

Maman Twins: A unguwarmu dubu 15 ne.

Hajiya Turai: Na dubu 15 ai ɗaki ɗaya ne da tabarma da fanka.

Inna Mairo: Ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. 'Yata, ki kai wa uwar mijinki. 'Ya'ya tara na haifa, duk da ruwa na raine su, ga su nan da ransu. Wannan nono zalla na zamani ban hana ku ba, amma kada ki bari a ce kin fifita bare a kan kakarsa. Maganar za ta daɗe ana yi a dangi, ke ce za ki sha ta.

Sista Rabi: Inna, Allah ya ƙara girma, maganar dangi gaskiya ce. Amma na ruwan, nonon uwa kansa yawancinsa ruwa ne, yana kashe wa jariri ƙishi ko a bazara. Abin da muke gudu gudawa ce, mu muke ganin yadda take zuƙe jariri a kwana ɗaya. In Hajiyar za ta yarda, Maman Iman ta tafi da ita awo ta ji daga bakin ma'aikata, ta fi karɓa a kan ta ji daga bakin suruka.

Ummu Sultan: Daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro kullum safe da yamma? Kuɗin adaidaitar kaɗai ya biya gidan rainon.

Anti Zee: Ni tambayata ɗaya ce. Ko wanne aka zaɓa, wa zai biya? Don a gidana da na kawo maganar mai raino cewa ya yi ai aikinki ne ya jawo, ki fitar a albashinki. Alhali a albashin nan nake cika gas, nake sayen omo da kayan miya in kuɗin cefane ya ƙare ranar ashirin ga wata.

Maman Twins: Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuɗin cefanen da ake ba ni tun kafin a haifi tagwaye bai motsa ba. In na yi magana ya ce in yi dabara. Wace dabara ake yi wa mudun shinkafa?

Hajiya Turai: Gwamnatin tarayya ta ba maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Surukina ya karɓa, ranar suna kaɗai muka gan shi a gida, sauran kwanakin ya tafi duba gona.

Baban Khalil: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni nake kai yara makaranta, ni nake ɗauko su, kuɗin makaranta da haya da asibiti duk a wuyana. Ku ma ku riƙa faɗin wannan.

Anti Zee: Allah ya saka maka, Malam, amma ciyarwa ai wajibinka ce, ba taimako ba. Ku tambayi malamai a kan albashin mace, nata ne ko na cefane?

Maman Iman: Na gode ƙwarai, duk na karanta, na Maman Abdallah sai da na ajiye wayar na je na duba yaron. Sista Rabi, na gwada cokalin ɗazu, maƙwabciyata ta ba shi ya sha kaɗan ya furzar da saura. Gobe zan leƙa gidan rainon da rana. Amma har yanzu ban san yadda zan yi da Iman ba in an tashe su sha biyu da rabi, kuma ban san da wane baki zan gaya wa Hajiya ba in ban kai mata shi ba. Akwai wadda ta taɓa ƙin kai wa suruka kuma aka zauna lafiya?

Maman Twins: Anti Zee, ke nawa ake ba ki na cefanen a wata? Ina son in nuna wa wani.