"Da tsohuwar zuma ake magani": ta dace da tsohon da ke hawan dutse?

Malamin Kufena:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "da tsohuwar zuma ake magani", kuma labarin wani dattijo ɗan ƙasar Suwizalan ne ya sa na kawo ta. Sunansa Marcel Rémy, an haife shi a 1923. A 2017, yana da shekara 94, ya hau wani falalen dutse a ƙasarsu mai suna Miroir de l'Argentine, tsayinsa wajen mita 450. Ba irin hawan Dala ba ne da ake taka matakala ana hira. Mutum manne wa dutsen yake yi, yatsun hannu cikin tsaga, kan ƙafa bisa ɗan tudun da da ƙyar ido ke gani, igiya ɗaure a ƙugu. 'Ya'yansa biyu, Claude da Yves, su ma gwanayen hawa, su suka raka shi. Bai ajiye abin ba har shekarar da ya rasu, 2022, yana da 99. To in na kira shi tsohuwar zuma, na ajiye karin maganar a gurbinta?

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai a ganina ba ta zauna ba. Zuma ko ta shekara nawa a tulu ba ta lalacewa, shi ya sa aka yi misali da ita. Mutum kuwa jiki magayi. Gwiwa tana ƙarewa, ƙashi yana raguwa, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya kakkaɓe riga ita ce za ta kwantar da tsoho da karayar ƙugu. Abin da ake nufi da tsohuwar zuma shawara ce da sanin duniya. Ku duba 'yar'uwarta: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A can wa ya hau? Yaro. Babba yana zaune a ƙasa, kuma shi aka yaba.

Uwar Biyu:
Ɗan Gwammaja, ka taƙaita ta da yawa. Mu a cikin gida muna faɗarta a kan aiki ma, ba shawara kaɗai ba. Ranar biki in tuwon taro ya gagari 'yan mata, aka kira wata Inna ta karɓi muciya ta gyara, abin da ake cewa ke nan. Ana yi wa uwargida kirari da ita. Ana faɗa wa tsohon makaniki da ya ta da motar da yaransa suka wuni a kai. Duk waɗannan hannu suka sa, ba baki ba.

Ɗan Gwammaja:
Na yarda Hajiya, amma tuƙin tuwo ba ya kashe mutum. Ga wanda nake so mu tuna. Min Bahadur Sherchan, mutumin Nepal, ya hau tsaunin Everest a 2008 yana da shekara 76, ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa kaiwa ƙololuwa. A 2013 wani ɗan Japan, Yuichiro Miura, ya hau yana da 80, ya karɓe kambun. Sherchan ya ce sai ya ƙwato. A 2017, yana da 85, ya rasu a sansanin da ke gindin tsaunin, ko hawan bai fara sosai ba. An hane mu jefa kai ga halaka. Wa zai je gidan makokin nan ya ce da tsohuwar zuma ake magani?

Baba Mai Amya:
Yarana, ku bari in sa baki, don zuma sana'ar gidanmu ce. Da farko, ba kowace tsohuwar zuma ce ake magani da ita ba. Wadda aka tatsa ɗanya, ko aka bar bakin tulu a buɗe ta sha raɓa, tsami take yi ta kumfa. Wadda ta nuna a saƙa, aka tace, aka rufe da kyau, ita ce ake ajiyewa. Wato daɗewa kaɗai ba ta isa ba, sai an kula.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana hawa itace ya ɗora amya har furfura ta rufe masa kai. Na tsaya a gindin kuka na kalle shi ba sau ɗaya ba. Samari in za su hau, da ƙarfin hannu suke jan jiki, kafin su kai rabi suna haki. Shi kuwa sai ya dafa turken da aka kafa a jikin kukar, ya girgiza shi tukuna ya ji ko ya ruɓe, sannan ya ɗora ƙafa. Nauyinsa duk a ƙafa yake, hannu na riƙo ne kawai. Ba ya gaggawa, ba ya kuma taka wuri sau biyu. In ya ga iska ta taso ko reshen ya yi masa wani iri, saukowa yake yi ya ce gobe ma rana ce. Ƙarfinsa ya ragu, kowa ya sani, shi ma ya sani. Abin da ya rage masa shi ne sanin inda ake sa ƙafa da sanin lokacin fasawa. Wannan nake kira zumar.

Ɗiyar Damagaram:
Baba, abin da ka faɗa shi ne ainihin yadda masu hawan dutse ke koyar da sabon shiga: ka hau da ƙafa, kada ka rataye a hannu. Takalminsu matsattse ne mai roba a ƙasa don ya kama dutse, suna shafa farin gari a tafin hannu saboda gumi. Kuma su biyu ne a igiya ɗaya. Na gaba yana hawa yana saƙala igiyar a ƙarafunan da ke jikin dutsen, na ƙasa yana sakar masa ita kaɗan kaɗan, in ya zame ya riƙe. Wanda ya biyo baya igiyarsa daga sama take zuwa, don haka ko ya suɓuce ba ya yin nisa. Shi ya sa mai shekaru zai iya daɗewa a wannan wasa fiye da ƙwallo ko dambe.

Kuma shi Miura da Yaya Ɗan Gwammaja ya ambata, akwai sauran labarinsa. An yi masa aikin zuciya kafin hawan 2013, ɗansa Gota na tare da shi har sama. A 2019, yana da 86, ya tafi hawan tsaunin Aconcagua a Ajantina, likitarsa ta ce ya tsaya, ya tsaya, ya juyo. A wurina juyowar nan ta fi hawan Everest nuna cewa zumar ta nuna.

Ɗan Gwammaja:
To ai kin zo inda nake, ƙanwata. Ɗa a gefe, likita a gefe, igiya daga sama. Ina zumar take in sai an tallabe ta?

Uwar Biyu:
Ita zumar ma ai ba ita kaɗai ake sha ba, haɗa ta ake yi da wani abu, da citta ko lemun tsami ko habbatus sauda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban ga abin kunya ba a tsoho ya hau ɗansa na riƙe masa igiya. Ni abin ma taɓa zuciyata yake yi. Marcel ɗin nan, shi ya koya wa 'ya'yansa ɗaurin igiyar suna yara, ga shi su suka riƙe masa.

Malamin Kufena:
Akwai wani da ya sa na ƙara tunani a kan dalilin da ke kai su. Chris Bonington na Ingila yana cikin mutum uku da suka fara hawa wani dogon dutse da ke tsaye shi kaɗai a bakin teku a tsibiran Orkney na Sikotilan, a 1966. Tsayinsa mita 137, sunansa Old Man of Hoy. A 2014 ya koma ya sake hawa yana da shekara 80, tare da Leo Houlding wanda bai kai rabin shekarunsa ba. A shekarar ce matarsa Wendy ta rasu, 'yan makonni kafin hawan, kuma ya yi shi ne har da tara kuɗi don yaƙi da cutar da ta yi ajalinta. Mutumin da ya shekara sittin yana abu, in baƙin ciki ya same shi, wurin abin nan zai koma. Hali zanen dutse. Ban ga neman suna a nan ba.

Ɗiyar Damagaram:
Sai dai Malam, hali zanen dutse ba ta kama kowa ba. Dierdre Wolownick, mahaifiyar Alex Honnold, wani gwanin hawan dutse, sai da ta kusa shekara 60 ta fara hawa, don ta fahimci abin da ɗanta ke yi. A 2017 tana da 66 ta hau dutsen El Capitan a Yosemite ta Amurka, bango mai wajen mita 900, ta hanyar bin igiyar da ɗan ya kafa. Ta sake a 2021 tana da 70. Ita tsohuwa ce amma sabuwa a dutse. Za a ce mata tsohuwar zuma?

Baba Mai Amya:
A'a 'yata, wannan ba gurbinta ba ne. Ita sai dai a ce gemu ba ya hana ilmi, ko da yake mace ce. Tsohuwar zuma sai wanda ya tsufa a cikin abin. Marcel ɗin nan da Bonington, su na yarda. Kuma mu a wurinmu ba a faɗarta kafin aiki. Sai an gwada sabo ya kasa, ko an yi shakkar tsohon, ya yi, an gani, sannan wani ya faɗa. Wanda ya faɗa wa tsoho ita tun yana ƙasa yana ɗaura igiya, zuga shi ya yi, kuma in wani abu ya faru yana da kaso a ciki.

Ɗan Gwammaja:
Wannan ta ƙarshe na karɓa, Baba, don zugar nake tsoro tun farko. Amma a kan Sherchan ban sauka ba. Shi ma ya tsufa a tsauni, shi ma ya taɓa yi an gani a 2008. Da ya kai sama a 2017 ya dawo lafiya, da yanzu duk muna nan muna ce masa tsohuwar zuma. Ke nan sakamako muke yi wa kirari, ba mutumin ba. Ina so wani ya nuna mini bambancinsa da Miura wanda ba sai an jira ƙarshen labari ba.

Uwar Biyu:
Bambancin da ni na gani shi ne abin da ya fitar da kowa daga gida, da kuma ko akwai wanda zai ce masa tsaya ya ji. Amma zuciyar Sherchan Allah kaɗai ya sani, ba zan yanke masa ba. Baba, mahaifinka da kansa ya daina hawa, ko ku kuka hana shi?

Baba Mai Amya:
Da kansa, Hajiya. Wata shekara da kaka ya kira yayana ya miƙa masa igiyar da ake jan amya da ita, ya ce daga yau kai za ka hau. Bai daina zuwa daji ba. Yana tsayawa a ƙasa yana nuna masa reshen da zai ɗora, kuma shi ke haɗa hayaƙin ranar ɗiba har ya rasu.