Musayar waƙa: kiɗan kantiri, akwatin talabijin da kiran salla

Direban_Tirela (Juma'a, 9:14 na dare)

Salamu alaikum 'yan zaure. Yau 8 ga Satumba, ranar da Don Williams, mawaƙin kantiri (kiɗan mutanen karkara na Amurka), ya rasu. Na buɗe fage da ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Da shi ne dare ke zuwa da wucewa,
Kiɗan kantiri ne nake yabawa,
Abokin direba a tsakar tafiya.

Daga Kano zuwa Legas da lodin gyaɗa,
Na bar Mokwa, Jebba na hau gada,
Kaset na Don Williams yana ta faɗa,
Cikin sanyin murya, ba hayaniya.

Batunsu na gona ne da damina,
Da bashin banki da ya hana kwana,
Da uwar da ke kiran "ina ɗana?"
Da roƙon Ubangiji kan lafiya.

Mutumin Teksas, zaune kan kujera,
Da hula da gemu, jita na ƙara,
A 2017 ajali ya kira,
Ya bar mu da kaset, ya bar duniya.

Na_Musawa (Juma'a, 9:31 na dare)

Direba, lallai ka ba ni mamaki,
Ka bar kalangu ka bi masu doki,
Turancinka duk bai wuce taka birki,
Me kake ji a waƙar? Faɗi gaskiya.

Shata ya yi waƙa ga direbobi,
Da Hausar da kowa zai ji ya bi,
Ka tsallake shi yau, ka tsallake jibi,
Ka je Amurka aron zuciya.

Direban_Tirela (Juma'a, 9:40 na dare)

Na Musawa, kai da ba ka wuce Funtuwa,
Ina ka san daren da babu tsayawa?
Kalangu na asuba ne, na farkawa,
Jita ta dare ce, tana rage wuya.

Kaset ɗin Shata yana gaban mota,
Na Jim Reeves a gefe, ba su taɓa ɓata,
Kunnenka ɗaya ne, shi ya sa ka ƙuntata,
Mai kunne biyu ba ya jin kunya.

Hajiya_Ta_Gwammaja (Juma'a, 10:05 na dare)

Ku maza kun ɗauka a mota kaɗai aka ji kiɗan nan. Mu da ba mu taɓa riƙe sitiyari ba, a tsakar gida ya same mu. Ni da ƙwar biyu zan shiga, amsa-amona "ma".

Ku bar faɗan kaset, ku zo ku tuna
Da yaran unguwa cike da tabarma.

Akwati mai ƙofa, baƙi da fari,
Sai Baba ya buɗe da mabuɗi da yamma.

Ƙarfe huɗu tasha take buɗewa,
Kafin nan zane ne, muna ta zama.

Kiɗan nan na jita da ke bin zanen,
Shi ne kantirinku, mun sha shi mu ma.

NTA ta zo mana a 1977,
CTV ta Rimi ta biyo, muka ƙara himma.

Idan an ɗauke wuta a tsakar wasa,
Ihu ya tashi har gidan gaba ma.

Ladan na kira, Baba ya ja ƙofa,
Ba mai uffan, buta kowa ya nema.

'Yar_Wusasa (Juma'a, 10:12 na dare)

Mama Hajiya ta cinye fagen nan tun ba a je ko'ina ba! Maza ku tattara kayanku. Mu a gidanmu Jim Reeves na safiyar Lahadi ne, waƙoƙinsa na yabon Allah, kafin a tafi coci. Ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Nashbil a 1964, ba a ma haife ni ba, amma da muryarsa na tashi.

Lahadi da safe Mama na guga,
Muryar Jim Reeves na fita ta taga,
Maƙwabcinmu Alhaji in ya shiga,
Yakan ce a ɗan ƙaro masa murya.

Malam_Aruli (Juma'a, 11:48 na dare)

Kafin a ci gaba da raba kambi, akwai gyara. Alhaji Direba, ɗangonka na farko gaɓa 11 ne, ya ɗauko hanyar karin Mutaƙarab na arulin Larabci. Ɗangon "Daga Kano zuwa Legas" gaɓa 13. A wannan baitin kuma ka haɗa "gyaɗa" da "faɗa" da "gada". Da "ɗa" da "da" ba harafi ɗaya ba ne, ƙaramin amsa-amonka ya karye a Jebba. Hajiya kuma, ranki ya daɗe, ki karanta 1977 da baki: dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da bakwai. Gaɓa 16 a shekarar kaɗai. Wane kari ne zai ɗauke ta?

Idan za ka waƙa ka san ma'auni,
Halilu na Basra ya bar mana sani,
Gaɓa in ta zarce ta zamo rauni,
Baitin da ya karye ba ya tafiya.

Hajiya_Ta_Gwammaja (Asabar, 6:20 na safe)

Malam ya ƙirga gaɓa ya bar labari,
Ya zo da mudu, hatsin a gunmu ya nema.

'Yar_Wusasa (Asabar, 6:24 na safe)

Ki ƙara masa, Mama! Shekara nawa yana zauren nan, bai taɓa buɗe fage ba, sai ya jira wani ya rubuta.

Abu_Hafsat (Asabar, 7:02 na safe)

Ku bar Malam, gyara ba zagi ba ne. Ni kuwa nasiha na kawo. Na san malamai sun yi saɓani kan kiɗa tun da can, ba fatawa zan bayar ba. Tambaya ce ga Baba.

Baba Direba, ka yabi rabinsa,
Ka rufe mana ido kan sauransa,
Nawa ne cikinsu batun barasa,
Da matar da ta gudu ta bar 'ya'ya?

Awa goma kana tuƙi a daji,
Da ka sa karatu, da ya fi ka ji,
Hanya ba ta san yaro ko Alhaji,
Da me kake so ka bar duniya?

Na_Musawa (Asabar, 7:10 na safe)

Allah ya saka da alheri, Ustaz. Wannan shi ne baitin mako. A ba shi amsa in akwai.

'Yar_Wusasa (Asabar, 7:13 na safe)

Na Musawa, jiya kana kare kalangu, yau kana tafa wa mai cewa a sa karatu? Tambayar Abu Hafsat ta haɗa da kaset ɗinka na Shata. Kai dai duk wanda ya taɓa Baba Direba naka ne.

Direban_Tirela (Lahadi, 5:50 na yamma)

Ku yi haƙuri da jinkiri. Abu Hafsat ɗana, tambayarka ba ta gaggawa ba ce, shi ya sa na kwana da ita.

Abu Hafsat, tambayarka ta kama ni,
Hanya da abokai da yawa ta raba ni,
In asuba ta kusa, Husari ke raka ni,
Ban taɓa sayar da salla don tafiya.

A Tegina nakan tsaya in kashe inji,
In shimfiɗa buzu a gefen daji,
Karen motata na baya yana ji,
Mu idar, mu sha shayi, mu kama hanya.

Barasar da ka ji, akasari kukanta,
Mutum na faɗin yadda ya wulaƙanta,
Johnny Cash ya sha ƙwaya har ya galabaita,
Ya miƙe ya nemi Allah da kunya.

Ba addinina ba ne nasu, na sani,
Amma mai nadama in ya yi na gani,
Ya tuna min zunubin da ke kaina ni,
Sai in ja carbi, hawaye a zuciya.

Wannan Johnny Cash ɗin ya shiga kurkukun Folsom a Kalifoniya a 1968, ya yi wa fursunoni waƙa, aka naɗa a faifai, har ihunsu ana ji. Mutanen da kowa ya manta da su ya je ya samu. Abin da ya riƙe ni a kiɗan nan ke nan. Ba su jin nauyin yi wa manomi da direba da ɗan sarƙa waƙa, kuma ba su jin nauyin ambaton Allah a tsakiyarta.

Abu_Hafsat (Lahadi, 6:15 na yamma)

Na ji, Baba. Ban sauka daga ra'ayina ba, amma baitin Tegina ya shige ni. Allah ya sa mu cika da imani.

Malam_Aruli (Lahadi, 6:31 na yamma)

"Sani, gani, kaina ni." Wannan "ni" ɗin cushe ne, Alhaji, an sa shi don a cike amsa-amo. Bahaushe ba ya cewa "kaina ni" a ƙarshen zance.

Hajiya_Ta_Gwammaja (Lahadi, 6:33 na yamma)

Haba Malam! Mutum yana maganar hawaye da carbi kana maganar cushe?

Malam_Aruli (Lahadi, 6:36 na yamma)

Zauren waƙa ne, Hajiya. Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja sun yi maganar da ta fi wannan nauyi, ba su karya kari ba.

'Yar_Wusasa (Lahadi, 6:38 na yamma)

To Shata fa, da wane bahari yake auna tasa?

Malam_Aruli (Lahadi, 6:41 na yamma)

Waƙar baka daban. Can kiɗa ne ma'auni, mawaƙi ya ja gaɓa ko ya haɗiye ta, kalangu ya rufa masa asiri. A rubuce ba mai rufa maka.

Na_Musawa (Lahadi, 6:44 na yamma)

Ka janye "rufa asiri". Shata ba shi da abin ɓoyewa.

Malam_Aruli (Lahadi, 6:45 na yamma)

Ban janye ba.

Ɗan_Maraɗi (Laraba, 1:20 na rana)

Sai yau na samu intanet, na tarar an bar kantiri an koma ƙirgen gaɓa. Ni kan maganar aro na tsaya. Banjo da kuke ji a kiɗan nan, bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a can nahiyar Amurka, da duma da fata da tsirkiya. Ɗan'uwan gurminmu ne. Kuma a cikin manyan kantiri akwai Charley Pride, baƙar fata daga Misisipi, ɗan masu noman auduga, ya rasu a 2020. Shi kansa Don Williams ya zo Harare ta Zimbabuwe ya yi wasa a 1997.

Na Musawa, ka ce aro muka je yi,
Duma da fata, wa ya fara yi?
Kakanninmu da aka kwashe bayi,
Su suka ɗaura banjo cikin wuya.

Ka ji kuntigi a hannun Ɗan Maraya,
Yana wa talaka waƙa ba ƙarya,
Ka ji banjo, ka rufe ido ka juya,
Ka faɗa min wanne ne baƙon Najeriya.

Malam_Aruli (Laraba, 1:47 na rana)

Ƙwarai da bayani. Amma "yi" da "yi" ba amsa-amo ba ne, maimaici ne. Baiti na biyu kuma ka cinye "ya" a ɗango huɗu duka, ba a gane ƙarami da babba.

Hajiya_Ta_Gwammaja (Laraba, 3:05 na rana)

Ni na wuce Malam. Abin da ke damuna shi ne gidana na yau, Abu Hafsat ya saurara, don nan ne wa'azinsa ya fi dacewa.

Tasha ɗaya ce da, tana rufewa da dare,
A yi taken ƙasa, kowa ya kwanta ma.

Yau ga dish a kan rufi, tasha ɗari,
Arewa24 ga ta, ga Indiya, ga fama.

Jikokina biyar a falo ɗaya,
Kowa da waya, ba mai ce maka sallama.

Ladan ya kira, akwatin ba shi da ƙofa,
Sai na yi tsawa kafin a tashi da azama.

Ba jitar Don Williams ce ta cinye magariba ba,
Wasan da ba ya ƙarewa ne, safe da yamma.

Abu_Hafsat (Laraba, 3:22 na rana)

Wannan gaskiya ce, Mama, a gidana ma haka ne. Na ɗauki ɗawainiyar kashe akwatin da hannuna kowace magariba.

Malam_Aruli (Laraba, 3:30 na rana)

"Sallama" ba ta zauna daidai da "tabarma" da "yamma" ba a nauyi. Zan buɗe zare na daban ranar Juma'a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Duk mai son koyo ya zo.

Na_Musawa (Laraba, 4:02 na yamma)

Ɗan Maraɗi, ban manta da kai ba.

Idan banjo namu ne, ka gama min aiki,
Ashe su suka ara, suka hau doki,
Direba ya je sayen kayan gidansu da tsada a kanti, hakan ba mamaki?
Ku dawo da gurminmu, ku biya diyya.

Malam, na san ɗango na uku ya yi tsawo, kada ka taɓa shi. Ɗan Maraɗi nake jira.